Yadda Ake Kula da Yara a Gidan Raino, Daga Karɓa da Safe Zuwa Miƙawa da Yamma

A Katsina da Daura, matan da ke fita aiki ko karatu, irin su malaman makaranta, ma'aikatan jinya, ma'aikatan sakatariya da matan aure da ke Jami'ar Umaru Musa Yar'adua, suna buƙatar wurin da za su ajiye yara su tafi hankali kwance. Da yawan gidajen raino a falo aka fara su, ko a wani ɗaki na makarantar nazare, da tabarma da katifa biyu. Farawa da kaɗan ba laifi ba ne. Abin da ke jawo ɓacin rana shi ne a karɓi yara kafin a san wace ce ke riƙe da wane. Hatsari ya fi aukuwa a 'yan mintunan da kowace babba take zaton ɗayar ce ke kallo: lokacin sallar azahar, lokacin zuba abinci, lokacin da wata uwa ta tsaya gaisuwa a bakin ƙofa.

Ki ƙirga hannuwa kafin ki ƙirga yara

Shawararmu ita ce babba ɗaya ga jarirai 3 da ba su kai shekara ba, babba ɗaya ga yara 4 zuwa 5 masu shekara 1 zuwa 2, sannan babba ɗaya ga yara 8 masu shekara 3 zuwa 5. Ko yara uku kacal gare ki, kada gidan ya gaza manya biyu, domin ranar da za a ruga da wani asibiti dole a samu mai zama da sauran. Yarinya 'yar shekara 12 ba ta cikin wannan lissafi, komai hankalinta. Za ta iya miƙo ruwa ko share ɗaki, amma ba a bar mata jariri.

Kowace safiya ki rubuta a allo sunan kowace mai raino da sunayen yaran da ke hannunta. Idan za ta tashi, ko banɗaki za ta shiga, ta miƙa su da baki: "Malama, ga Abba da Ummi a hannunki." Ba za ta ɗaga ƙafa ba sai ta ji an ce "Na karɓa." Salla a yi ta bi da bi. Wayoyi su zauna a cikin kwando, a bar guda ɗaya ta gidan mai caji da kati. A ƙirga yara duk lokacin da aka sauya wuri, daga ɗaki zuwa tsakar gida da kuma dawowa.

Ki zagaya gidan a durƙushe

Abin da mai rarrafe yake gani daban ne da abin da kike gani a tsaye, don haka ki durƙusa ki bi ɗakin lungu-lungu.

Ki fara da ruwa. Yaro mai koyon tafiya nauyin kansa yana rinjayar jikinsa. Idan ya leƙa bokiti ya kifa ciki, ba ya iya fitowa, kuma ba ya ihu. Ruwan da bai kai tsawon yatsa ba ya isa ya kashe shi. Duk bokiti da baho a zubar da ruwansu a kife su da an gama amfani. Duro ya kasance da murfin da yaro ba zai iya ɗagawa ba, rijiya kuma murfin ƙarfe da kwaɗo. Ki duba murfin shadda, musamman bayan ruwan Agusta da ke zaizaye gefensa. Ƙofar banɗaki a sa mata sakata ta sama daga waje.

Sai wuta. Risho, kurfoti da tukunyar gas su kasance a madafar da ke da ƙofa. Ba a ratsa tsakiyar yara da tukunyar kunu, ba a kuma ajiye filas a ƙasa ko a kan tebur mai ƙyallen da yaro zai iya ja. Da hunturu kada a shigar da kaskon gawayi ɗakin da aka rufe, janareta kuma ya yi nesa da taga, domin iskar gubar da suke fitarwa ba ta da wari, sai dai a tarar da yara sun yi laushi. A toshe duk soket na ƙasa, a ɗauke wayar caja, a maye gurbin fankar ƙasa da ta sama ko ta bango.

Guba ita ce inda aka fi sakaci. Kalanzir a robar lemo, fiya-fiya, maganin ɓera, kafur da ke kama da alawa, har da magungunan da ke cikin jakar masu rainon kansu, duk su shiga kabad na sama mai makulli. Kada a taɓa juye wani abu mai cutarwa a cikin robar abin sha.

Na ƙarshe, ƙananan abubuwa. Duk abin da zai iya wucewa ta cikin kwalin tsakiyar tishu zai iya toshe maƙogwaron yaron da bai kai shekara 3 ba: murfin roba, ƙwallon dabino, dutsen carafke, ƙwayar carbi, tsumman balan-balan. Ƙaramin batir mai kama da maɓalli ya fi su duka muni, domin yana iya ƙona hanyar abinci cikin awa biyu. Da damina a kakkaɓe tabarmi da takalma kowace safiya saboda kunama, a nome ciyawar da ke jikin katanga. Keken koyon tafiya a raba shi da gidan. Yana kai yaro ga abin da da bai isa ya taɓa ba, kuma ba ya sa a yi saurin tafiya.

Rajista da katin rigakafi

Kada ki karɓi yaro sai an cike masa shafi guda: cikakken suna, ranar haihuwa, lambobin waya uku, sunayen mutanen da aka yarda su ɗauke shi, abincin da jikinsa ba ya so, da ko yana da sikila, asma ko farfaɗiya. Iyaye su sa hannu cewa sun yarda a kai shi asibiti idan ta kama kafin a same su.

Ki nemi ganin katin rigakafi da idonki. Ana yin rigakafi da haihuwa, sai a mako 6, 10 da 14, sai a wata 9 inda ake yin ta ƙyanda da shawara, sai ta ƙyanda zagaye na biyu a wata 15. Wannan ta ƙarshen ce iyaye suka fi mantawa. Allurar da ake yi sau uku a makonnin farko ita ce ke kare yaro daga mashaƙo, cutar da ta ɓarke a 2023 a jihohin Arewa har da Katsina. Wanda katinsa ke da giɓi, ba korarsa za a yi ba. A tura uwar asibitin sha-ka-tafi mafi kusa, kyauta ne, a ba ta mako guda ta dawo da katin. Da damina kuma, idan masu bi gida-gida sun ba 'yan wata 3 zuwa 59 maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, ki tuna wa iyaye cewa akwai na rana ta biyu da ta uku da su za su bayar.

Dubawar bakin ƙofa

Minti ɗaya ya isa. Ki karɓi yaron da hannunki, ki taɓa wuyansa, ki dubi idonsa da fatarsa, ki tambayi uwar yadda ya kwana da ko an ba shi magani. Idan akwai ƙujewa ko kumburi, ki nuna mata tun tana tsaye ki rubuta, don kada da yamma a ce a wurinki ya samu.

Mai zazzaɓi ya koma gida sai ya yi awa 24 babu zafin jiki ba tare da magani ba. Mai gudawa ko amai ya dawo bayan kwana biyu da tsayawarsu. Mai ƙarambau sai ƙurajen sun bushe duka, mai ƙyanda aƙalla kwana huɗu bayan fitowar ƙuraje. Za a roƙe ki, "Anti, don Allah yau kaɗai, ina da jarrabawa." Abin da tausayi, amma yaro ɗaya mai gudawa yana iya kwantar da ɗakin gaba ɗaya. Ki faɗi wannan doka tun ranar rajista, kin ga ba za ta zama sabon zance ba.

Hannu, kunzugu da fo

Wanke hannu a kwano ɗaya rarraba cuta ne kawai. A samu bokiti mai famfo ko a riƙa zubawa da buta, da sabulu, a cuɗa na daƙiƙa 20: kafin abinci, bayan canza kunzugu, bayan fo, bayan share majina. Kowane yaro da kofinsa da tawul ɗinsa da zanen shimfiɗarsa, an rubuta suna, saboda ƙazuwa da makero da ciwon ido ta nan suke yawo.

Wurin canza kunzugu ya zama guda ɗaya, mai shimfiɗar leda, nesa da abinci. Ki haɗa komai kusa kafin ki kwantar da yaro, hannunki ɗaya kuma kada ya bar jikinsa. Mace ana goge ta daga gaba zuwa baya. Don goge shimfiɗar da kayan wasa, ki duba jikin robar bilic: idan mai ƙarfin kashi 3.5 cikin ɗari ce, babban cokali biyu a lita ɗaya ta ruwa. Inda aka yi amai ko kashi, a kwashe tukuna, sannan a zuba haɗin awo ɗaya na bilic da awo shida na ruwa. Kullum a haɗa sabo, kada a gauraya shi da wani sinadarin wanki, kuma abin da yara ke sawa a baki a ɗauraye shi da ruwa bayan haka.

Abinci

Jaririn da bai kai wata 6 ba nonon uwa kaɗai yake sha, ko ruwa ba a ba shi, ko da a zafin Afrilu ne. Ƙishinsa nonon ke kashewa. Nonon da aka tatso ba ya wuce awa 4 a ɗaki, a zafin Katsina ma kada a kai hakan, a sa shi a kula mai ƙanƙara da sunan yaron da lokacin da aka tatsa. A ɗumama shi ta hanyar tsoma kofin a ruwan ɗumi. Madarar gwangwani a dama ta da tafasasshen ruwan da bai huce ba, da ma'aunin da ke cikin gwangwanin daidai, a zubar da ragowar da yaro ya sha ya bari bayan awa ɗaya. Ƙaramin kofi ya fi bulunboti sauƙin wankewa. Kada a tokare wa jariri bulunboti da filo a tafi. Zuma kuma ba a ba wanda bai cika shekara ba.

Daga wata 6 sai a fara kunu mai kaurin da ba ya zuba daga cokali da sauri. Tsinkakken koko yana cika ciki ne kawai. Haɗin da ya dace da aljihun kowa shi ne awo 6 na gero ko dawa, awo 3 na waken suya, awo 1 na gyaɗa, a soya kowanne daban a niƙa tare. A riƙa ƙara ƙwai, garin kifi, zogale ko kabewa. Ɗan wata 6 zuwa 8 yana ci sau 2 zuwa 3 a rana, daga wata 9 sau 3 zuwa 4 da ɗan abin taɓawa a tsakani. Ana ci a zaune, babba na kallo. Ɗura haramun ce a gidan raino, domin kunun na iya bin hanyar iska ya sauka a huhu. Gyaɗa ƙwaya-ƙwaya, aya, gugguru da alawa mai tauri a bar su sai yaro ya kai shekara 5.

Sau ɗaya a wata ki auna damtsen hagu na 'yan wata 6 zuwa 59 da tef ɗin awon damtse mai launi uku: ja, ruwan ɗorawa da kore. Ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani, asibiti a ranar. Ruwan ɗorawa ma a sanar da iyaye.

Barci

Wanda bai kai shekara ba a kwantar da shi rigingine a kan shimfiɗa mai tauri, babu filo, babu bargo mai nauyi, fuskarsa a buɗe, shi kaɗai. Katifa mai lotsawa da kwanciyar rub-da-ciki suna iya toshe masa numfashi ba tare da ya yi motsin da za a ji ba. Mai raino ta zauna a ɗakin, ta riƙa zagayawa kowane minti 10 zuwa 15 tana duba ƙirjinsu. A sa gidan sauro, a tura gefensa ƙarƙashin katifa don kada ya nannaɗe yaro.

Ba a ba yaro maganin mura ko na tari don ya yi barci a huta. Duk wadda aka kama da wannan, ranar ce ƙarshen aikinta. Haka girgiza jariri don ya yi shiru: jijiyoyin ƙwaƙwalwarsa na iya tsinkewa, ya makance ko ya mutu. Wadda kuka ya kai ta bango ta kwantar da shi, ta kira abokiyar aikinta ta karɓa, ita ta fita ta sha iska.

Wasa da hira su ne karatun

Iyaye da yawa suna so su ji ɗan shekara 2 yana rera baƙaƙen Turanci, sai gidan raino ya zaunar da yara a benci awa biyu. Wannan ba ya gina komai. Abin da ke gina ƙwaƙwalwa shi ne a amsa wa yaro. Ya yi gwaranci, ki dube shi ki mayar masa, ya nuna akuya, ki ce "Akuya ce, ga ɗanta can, me take ci?" sannan ki dakata ya amsa da abin da ya iya. Lokacin wanka da canza kunzugu da cin abinci duk lokacin hira ne. A yi da Hausar da yake ji a gida, wani harshen zai hau kanta daga baya.

Jariri a kifa shi a kan tabarma yana farke, kina gabansa, jimillar minti 30 a rana a rarrabe, don wuyansa da bayansa su yi ƙarfi. Goyo yana da daɗi, amma kada ya wuce awa ɗaya a jere. Daga shekara 1 zuwa 4, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro na buƙatar motsa jiki na minti 180 a rana. Waya da talabijin babu su ga wanda bai kai shekara 2 ba, daga nan kuma kada su wuce awa ɗaya. Kayan wasa ba sai na kanti ba: ƙoƙo da ludayi, kwalaye, ƙwallon tsumma, yashi mai tsafta na tuwon ƙasa, gaɗa, tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, kacici-kacici ga manyansu. Daga Maris zuwa Mayu, da zafi ke haura digiri 40, wasan waje ya tsaya kafin ƙarfe 10 na safe, a riƙa bi da ruwan sha, a taɓa ƙarfen lilo da hannu kafin a ɗora yaro.

Bulala da tsawa ba sa koya wa ɗan shekara 2 komai sai tsoro. Idan ya ciji wani, ki fara rarrashin wanda aka ciza, sannan ki durƙusa daidai fuskarsa ki ce "Ba a cizo, da zafi," ki ba shi wani abin yi.

Ki riƙa lura. Yaron da bai zauna da kansa ba a wata 9, ko bai yi tafiya ba a wata 18, ko ba ya haɗa kalma biyu a shekara 2, ko ba ya waiwayowa idan an kira sunansa, ko ya daina abin da ya riga ya iya, a keɓe da uwarsa a faɗa mata abin da aka gani kawai, ba tare da laƙaba masa sunan wata cuta ba, a ba ta shawarar ganin likitan yara.

Idan abu ya faru

Shaƙewa: idan yana tari da ƙarfi, a bar shi ya yi. Idan ba ya iya kuka ko numfashi kuma bai kai shekara ba, ki kifa shi a kan hannunki, kansa ya yi ƙasa, ki tallafe haɓarsa, ki buga tsakanin kafaɗunsa sau 5 da gindin tafin hannu. Ki juyo shi, ki danna tsakiyar ƙirji da yatsu biyu sau 5. Ki ci gaba da maimaitawa. Wanda ya haura shekara, bugu 5 a baya, sannan ki rungumo shi ta baya ki matsa saman cibiya ciki da sama sau 5. Kada a zura yatsa ana lalube. Wannan sai an gwada da hannu ake iyawa, don haka ki nemi horon agajin gaggawa wurin ƙungiyar Red Cross ko wata ma'aikaciyar jinya ga duk ma'aikatanki.

Ƙuna: a riƙa kwarara ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, na minti 20, a rufe da ƙyalle mai tsafta. Ban da man goge baki, ƙwai, gishiri ko toka.

Kalanzir ko fiya-fiya: kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara, domin aman ne ke kai kalanzir huhu. A cire rigar da ta jiƙe, a tafi asibiti da robar abin da ya sha.

Jijjiga: a kwantar da shi a gefensa, a kawar da abin da zai buge, a duba agogo. Ba a cusa cokali a baki, ba a ɗura komai, ba a yi masa hayaƙi. Ko ta tsaya da kanta, a kai shi a gwada jininsa.

Gudawa: a haɗa ORS, wato garin gishiri da sukari na leda, da adadin ruwan da aka rubuta a jikin ledar, a ba wanda bai kai shekara 2 ba mililita 50 zuwa 100 bayan kowace fita, wanda ya kai shekara 2 kuma 100 zuwa 200, da cokali a hankali, a kira iyaye.

Akwai alamun da ba a jiran iyaye a kansu: yaro ya kasa sha ko kama nono, yana aman duk abin da ya shiga cikinsa, ya yi laushi ba ya farkawa sosai, wuyansa ya sanƙare, maɗigarsa ta faɗa ko ta kumbura, ƙasan ƙirjinsa na lotsawa idan ya ja numfashi, ko numfashinsa ya kai 50 a minti ga ɗan wata 2 zuwa 11, ko 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5. Zazzaɓi a jaririn da bai kai wata 3 ba shi ma haka. Tun yau ki san inda za ki nufa, ko Asibitin Mata da Yara na Turai Yar'adua, ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Daura, ki kuma manna lambobin masu Keke Napep biyu na unguwa a bango, da kuɗin mota a ambulan da ba a taɓawa.

Miƙawa, da maganar da ba a so a yi

Ba a ba da yaro sai ga wanda sunansa ke cikin rajista. Idan wani ya zo ya ce shi kawunsa ne, ko an aiko ɗan acaɓa, ke za ki kira uwar a lambar da ke littafinki, kada ki yarda da wayar da ya miƙo miki. Mai ɗauka ya sa hannu da lokaci. A faɗa wa uwa abin da ya ci, barcin da ya yi, da duk faɗuwar da ya yi komai ƙanƙantarta. Ɓoye bugun kai na iya sa a kwana da yaron da ke buƙatar likita.

Duk wanda zai yi aiki a gidan, har maigadi da mai kawo ruwa, a san gidansu, a samu mutum biyu da za su tsaya masa. Babu babban da zai keɓe da yaro a ɗaki a rufe, kuma baƙi da 'yan'uwan masu gida ba sa shiga wurin yara. Hoton ɗan wani ba ya hawa Facebook ko TikTok sai da izinin iyayensa. Najeriya na da dokar kare haƙƙin yara tun 2003, Jihar Katsina ma ta yi tata a 2020, saboda haka rufa-rufa a kan cin zarafin yaro ba rufin asiri ba ne.

Idan yaro ya faɗi wata magana, ko kika ga rauni ko jini a gabansa, ko ya fara firgita da ganin wani mutum, ki saurare shi a natse, kada ki yi masa tambayoyin da za su sa masa magana a baki. Ki rubuta abin da ya faɗa da kalmominsa, da rana da lokaci. Kada a yi masa wanka, kada a wanke kayansa. A nisanta wanda ake zargi daga yara nan take, a sanar da iyaye in ba su ake zargi ba, a kai rahoto ga 'yan sanda da ofishin jin daɗin jama'a, a kuma kai yaron asibiti a ranar, domin maganin kariya daga cutar ƙanjamau cikin awa 72 na farko kaɗai yake aiki.